A Ci Moriyar Ganga, A Ya Da Mai Ganga?

 

A wannan mako filin namu zai yi doguwar tafiya har Ingila, kuma maganar kiɗa za mu yi. Na san tun ban yi nisa ba wata uwargida ta riga ta taɓe baki tana cewa, me ya haɗa mu da kiɗan Turawa, mu da ke fama da tukunya da goyo? Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ki biyo ni. Ni kaina ba irin kiɗan da nake kunnawa in ina wanke-wanke ba ne, don ƙararsa ta yi wa kunnena yawa. Tambaya guda ce ta ja ni gare shi. Shin mutum zai iya son kiɗan waɗansu mutane, ya yi rawa da shi, har ya yi arziki da shi, alhali kuwa ba ya ƙaunar ya ga masu kiɗan sun zauna a unguwarsu? Zai iya ƙwarai, an kuwa yi. Abin da ya biyo baya shi nake so mu duba tare, musamman da yake mata ne a tsakiyar labarin.

Bari in fara da bayanin irin kiɗan, don kada in bar wata a baya. A wajen shekarar 1976 zaman Ingila ya yi tsami. Marasa aikin yi sun haura miliyan ɗaya, kaya sun yi tsada, yaro ya gama makaranta ya komo gida ya zauna. Cikin wannan hali ne waɗansu samari suka fito da wani kiɗa mai sauri da ƙara wanda ake kira pank. Ba su jira manyan kamfanonin faifai su san da su ba. Sai su sayi tsohuwar jita, su koyi ɗan abin da ya samu cikin mako biyu, su hau dandamali su yi ta ihu a kan abin da ke damunsu. Irin wannan ne nake kira kiɗan bayan fage, watau wanda ya tashi a ƙananan kulob da zaurukan taron ɗalibai, nesa da manyan gidajen wasa. A can kowace kwaleji da jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai, ƙungiyar tana da zaurenta, tana kuma da wanda aka ɗora wa aikin gayyato makaɗa da biyansu daga kuɗin ƙungiya. Ku riƙe maganar wannan mai gayyata, za mu komo kansa.

Abin da 'yan pank suka fi tinƙaho da shi shi ne wai su ba su da shamaki. Kowa ya zo, talaka da mai hali, gwani da ɗan koyo. Amma fa a cikin wannan taro na kowa da kowa ne waɗansu sanannun mawaƙansu, irin su Sid Vicious da Siouxsie Sioux, suka riƙa fitowa da tambarin 'yan Nazi na Hitila a jikin tufafinsu, wai don su ba manya haushi kurum. To ki ɗauka ke ce yarinya baƙar fata, ko Bayahudiya, kin biya kuɗin ƙofa kin shiga, kin ga wannan tambari a hannun wadda kika zo saurara. Wa zai gaya miki wasa ne? Ga shi kuma a waje akwai waɗanda ba wasa suke yi ba. Jam'iyyar National Front, wadda manufarta ita ce a kori baƙaƙen fata da 'yan Asiya daga ƙasar ko da a nan aka yanke musu cibiya, ta sami ƙuri'a wajen 119,000 a zaɓen majalisar birnin Landan na 1977. Tana kuwa farautar yara a ƙofar makarantu da filayen ƙwallo da wuraren kiɗa.

Wanda ya fasa ƙwan ba ɗan pank ba ne, wani babban tauraro ne mai suna Eric Clapton. Ran 5 ga Agusta, 1976, yana wasa a birnin Birmingham, ya sha ya bugu, sai ya tsai da kiɗa ya shiga zagin baƙi, yana cewa su fita su bar ƙasar, yana kuma yabon Enoch Powell, ɗan siyasar nan da ya yi ƙaurin suna tun 1968 wajen ƙyamar baƙi. Shi kuwa wannan Clapton, duk abin da yake taƙama da shi a jita daga kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka ya koyo shi. Shekara biyu kafin wannan dare, a 1974, waƙar Bob Marley na Jamaika ya ɗauka ya sake rerawa, ta kai shi matsayi na ɗaya a Amurka. Bahaushe yana cewa a ci moriyar ganga a ya da kwaurenta. Shi har da mai gangar ya so a yar. Don kada in zalunce shi, a 2018 ya fito ya ce yana jin kunyar abin da ya faɗa, amma maganar ta riga ta yi aikinta.

Daɗin daɗawa, in aka bi salsalar kiɗan rok ɗin nan da Turawa suka ɗauka kamar gadon gidansu, mata baƙaƙe za a tarar a gindinsa. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki a gaban jama'a tun kafin a san sunan Elvis Presley, ta rasu a 1973, ba a sa sunanta a zauren girmama gwanayen rok na Amurka ba sai a 2018. Waƙar nan Hound Dog da ta ƙara ɗaga Elvis a 1956, Big Mama Thornton ce ta fara ɗaukarta a faifai a 1952.

Bayan abin da ya faru a Birmingham, wani mai ɗaukar hoto, Red Saunders, da abokansa suka rubuta wasiƙa zuwa ga jaridun kiɗa suna ƙalubalantar Clapton, suka ce duk mai son a kafa ƙungiyar yaƙi da wannan guba ya rubuto. Wasiƙu ɗaruruwa suka zubo. Haka aka haifi ƙungiyar Rock Against Racism, watau kiɗan rok don yaƙi da wariyar launin fata. Wasansu na farko a gabashin Landan aka yi shi cikin Nuwamba 1976, kuma mace ce, Carol Grimes, ta ja gaba.

A nan nake so ku tsaya ku lura, domin a ganina nan ne hikimar take. Waɗannan mutane sun gane cewa rubuta maraba da kowa a bakin ƙofa ba ya kawo kowa. Ai dama ƙofar 'yan pank a buɗe take, ba mai gadin da ke korar baƙar fata, amma in ka leƙa ciki farare ne kusan duka, su kuma samari baƙaƙe suna can nasu wurin suna sauraron rege. Saboda haka suka ɗora wa kansu ƙa'ida: a wasansu sai an haɗa ƙungiyar makaɗa farare da ta baƙaƙe a dandamali ɗaya, a dare ɗaya, da tikiti ɗaya, sau da yawa kuma a rufe da duka makaɗan sun hau tare. Kin ga ke nan yaron da ya zo don pank dole ya tsaya kusa da wanda ya zo don rege, su sha zufa tare. Abu ne da aka shirya da gangan, aka zauna aka rubuta sunaye, aka raba lokaci. Da an bar shi ga sa'a, da kowa ya ci gaba da zama a nasa lungu yana rantsuwa cewa shi ba ya ƙin kowa.

Ga inda mai gayyatar nan na ƙungiyar ɗalibai ya shigo. Da yawa daga cikin waɗannan wasanni a zaurukan kwalejoji aka yi su, a Leeds da Manchester da sauran garuruwa, domin ɗalibai ne ke da zaure da lasifika da kuɗin biyan makaɗa. Tun 1974 babbar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasar ta yanke shawarar hana ƙungiyoyin wariyar launi yin magana a zaurukanta. Har 'yan sakandare irinku, ƙannena, sun kafa tasu ƙungiyar ta adawa da 'yan Nazi, suna maƙala bajo a rigar makaranta. Ɗalibi guda mai riƙe da littafin gayyata yana iya canza fuskar zaure cikin zango ɗaya, yana kuma iya barinsa yadda ya same shi ba wanda zai ce ya yi laifi.

Babban taronsu shi ne na ran 30 ga Afrilu, 1978. Jama'a suka tashi daga dandalin Trafalgar a tsakiyar Landan suka taka a ƙasa har filin Victoria Park a gabashin birnin, yankin da National Front ke ganin nata ne. An ƙiyasta mutanen da suka hallara tsakanin 80,000 da 100,000. The Clash sun yi wasa, Steel Pulse 'yan rege na Birmingham sun yi, Tom Robinson ya yi. Cikin waɗanda suka hau dandamali a ranar akwai wata yarinya 'yar shekara 20 da ƙarfen gyaran haƙori a bakinta, ana kiranta Poly Styrene.

Sunanta na yanka Marianne Elliott-Said. An haife ta a 1957, ubanta ɗan Somaliya ne, uwarta Baturiya, a unguwar Brixton ta tashi a hannun uwar. Ranar da ta cika shekara 19 ta ga 'yan Sex Pistols suna wasa a garin Hastings, ta ce in dai wannan ne ita ma za ta iya. Ta sa talla a jarida tana neman makaɗa, ta kafa ƙungiyar X-Ray Spex, ita ke rubuta waƙoƙin, ita ke ja. Sunan da ta laƙaba wa kanta sunan farar robar nan ce mara nauyi da ake kunshe rediyo da ita a kwali, ta zaɓe shi ne don ta yi wa duniyar talla da kayan roba ba'a. Abin da take waƙa a kai ba zai zama baƙo gare mu ba: yadda 'yan talla ke gaya wa mace irin fuskar da ya kamata ta yi, da yadda yarinya ke duba madubi ta rasa gane kanta. Faifansu Germfree Adolescents ya fito a 1978. Ta rasu a 2011 da ciwon dajin mama tana da shekara 53, kuma a 2021 'yarta Celeste Bell ta fitar da fim a kan rayuwarta. A cikinsa an karanto abin da ta rubuta da hannunta game da zaman ruwa biyu, farare suna ganinta baƙa, waɗansu baƙaƙe kuma ba su ɗauke ta tasu ba. Dubban mutane suna tafa mata, ita kuwa sau da yawa ita kaɗai ce mai irin fatarta a ɗakin.

Kada wata ta zaci kiɗa ya gyara kome a wannan rana. Kwana huɗu kacal bayan taron, ran 4 ga Mayu, waɗansu samari uku suka tare wani matashi ɗan Bangaladash mai suna Altab Ali, ma'aikacin ɗinki, yana komawa gida daga aiki a unguwar Whitechapel, suka daɓa masa wuƙa ya mutu. Mutum wajen 7,000 suka bi akwatin gawarsa har ƙofar gidan Firayim Minista. A 1998 aka sa wa wani ɗan filin shaƙatawa da ke kusa da wurin sunansa.

Yanzu mu bar Landan mu nufi Coventry, garin ƙera motoci a tsakiyar Ingila, inda ma'aikata daga Jamaika da Indiya da Ailan suka taru neman abinci. A nan akwai kwalejin Lanchester, wadda yanzu ta zama Jami'ar Coventry. A cikinta ne wani ɗalibin zane, Jerry Dammers, ya haɗu da Horace Panter, suka nemo abokai farare da baƙaƙe suka kafa The Specials. A 1979 suka buɗe kamfanin faifai mai suna 2 Tone, watau launi biyu, tambarinsa kuwa zanen dara ne na baƙi da fari. Sun ɗauko wani tsohon kiɗan Jamaika da ake kira sika, wanda ya girmi rege, suka haɗa shi da saurin pank. A nan an ƙara taku ɗaya gaba. Da ana haɗa ƙungiya biyu a dandamali, yanzu a cikin ƙungiya ɗaya ake cakuɗe.

A wannan kwalejin ne kuma wata yarinya ta karanta kimiyya, wadda labarinta ya shafe mu kai tsaye, domin jininmu ce ta wajen uba. An haifi Pauline Black a 1953 a garin Romford. Mahaifinta Bayarabe ne daga Nijeriya wanda ya je Landan karatun injiniya, mahaifiyarta kuwa yarinya ce Bayahudiya 'yar Ingila. Tun tana jaririya waɗansu Turawa miji da mata suka ɗauke ta riƙo, ta tashi da sunan Pauline Vickers, ita kaɗai baƙa a cikin dangi duka. Bayan kwaleji ta koyi aikin ɗaukar hoton ƙashi, ta yi shekara biyar tana yi a asibiti. Da ta shiga ƙungiyar The Selecter a 1979 sai ta ɗauki sunan Black, watau baƙa. Ta bayyana daga baya cewa dalili biyu ne: kada a gane ta a wurin aiki, sa'an nan kuma don dangin da suka rene ta, waɗanda ke kewaye-kewaye ba sa iya furta kalmar, su furta ta dole. Waƙarsu On My Radio ta shiga cikin goma na farko a Ingila a wannan shekarar.

A rangadin da The Specials da Madness da The Selecter suka yi a ƙarshen 1979, ita kaɗai ce mace cikin mawaƙan. Takan fito da kwat da wando da malafa irin ta maza. Abin da ta riƙa gani daga kan dandamali shi ne ya fi tsaya mini a rai cikin wannan labari duka. Akwai waɗansu samari farare masu askin ƙwal-kwabo da manyan takalma, suna mutuwar son kiɗan sika, sun san kowace waƙa, sun biya kuɗinsu. Suna cikin rawa sai su ɗaga hannu su yi gaisuwar 'yan Nazi, a gaban mace baƙa da ke rera musu kiɗan Jamaika. Ba duka masu wannan aski ne haka ba, amma waɗanda suke haka sun isa su ɓata dare. Makaɗan sukan tsai da kiɗa, wani lokaci su sauka daga dandamali, har sai an yi maganin masu yin. Ki duba fa, 'yar'uwa. Ƙafarsu tana bin ganga, zuciyarsu tana ƙin mai ganga, duk a jiki ɗaya a lokaci ɗaya. Duk wanda ya gaya miki wai kiɗa da kansa yana haɗa kan jama'a, ki ba shi wannan labari. Abin da ya yi aiki a waɗannan darare shi ne tsai da kiɗan da aka yi, da sauran 'yan kallo da suka juya suka nuna wa masu yin ƙofa.

A Afrilun 1981 aka kashe wani ɗalibi ɗan asalin Indiya, Satnam Singh Gill, mai shekara 20, da rana tsaka a tsakiyar Coventry, garin launi biyu. The Specials suka shirya wasa na musamman a watan Yuni don nuna adawa. A Yulin shekarar aka yi babban taron ƙarshe na Rock Against Racism a Leeds, a 1982 ƙungiyar ta naɗe tabarmarta.

Ina yaba musu, amma ba zan rufe ido ga inda suka gaza ba. 'Yan Asiya, watau mutanen Indiya da Pakistan da Bangaladash, su ne aka fi kai wa hari a tituna, su ne kuma aka fi ƙarancin gani a kan dandamalin. An yi wata ƙungiyar pank ta samari 'yan asalin Pakistan mai suna Alien Kulture, amma ba ta sami irin fagen da sauran suka samu ba. Mata kuma sai da suka kafa tasu ƙungiyar, Rock Against Sexism, a 1978, domin sun ga cewa namijin da ke ihu a kan wariyar launi yana iya sauka daga dandamali ya raina mace ba tare da ya ji kome ba.

Irin wannan ta sake faruwa a Amurka, ta wata fuskar. A farkon shekarun 1990 'yan mata, da yawansu ɗaliban kwalejin Evergreen a garin Olympia, suka tayar da wani yunƙuri mai suna Riot Grrrl. Sun gaji da maza suna ture su a wurin kiɗa, suka ce mata su matso gaba. Madalla. Sai dai matan da suka matso gaban farare ne galibi, 'ya'yan masu ɗan hali. Mata baƙaƙe masu irin wannan kiɗa suka ga nan ma 'yan rakiya ne, har a 1997 Tamar-kali Brown da ƙawayenta suka fara shirya nasu wasan a birnin New York. A 2003 James Spooner ya yi fim mai suna Afro-Punk, wanda ya bi baƙaƙen fata masu son pank yana tambayarsu. Ƙorafin da ya yi ta maimaituwa shi ne kaɗaici: ka shiga zaure ka waiga ka ga kai kaɗai ne, farare suna mamakin me ya kawo ka, naka kuma a gida suna cewa ka zama Bature.

A Landan, a 2013, wata 'yar jarida mai kaɗa jita, Stephanie Phillips, ta gaji da wannan zama a cikin taron da ke kiran kansa na 'yantar da mata, ta nemi mata baƙaƙe 'yan'uwanta suka kafa ƙungiyar Big Joanie. A 2017 ita da waɗansu suka fara bikin Decolonise Fest, wanda baƙaƙe da 'yan Asiya ke shiryawa, su ke hawa dandamali, ko da yake kowa yana iya zuwa kallo.

Na san abin da wata za ta ce, don ni ma na faɗa wa kaina. Ashe wannan ba komawa baya ba ne? A 1978 ana fama a haɗu, bayan shekara kusan arba'in kuma a ware? Na daɗe ina juya maganar, kuma aji ne ya warware mini ita. Duk malamar da ta koyar a makarantar haɗaka ta san yarinyar da ta san amsa amma ba ta ɗaga hannu, don maza sun cika ɗakin da murya. Ki kai ta cikin mata zalla na zango ɗaya, ta saba jin muryarta, sa'an nan ki komo da ita. Ba yarinyar da kika sani ba ce. Wurin da mutum zai yi kuskuren farko ba tare da ana kallonsa a matsayin wakilin jinsinsa duka ba, yana da amfani. Abin da zan ƙi shi ne sauran zaurukan su ce to, tun da sun sami nasu, mu mun huta. Bikin kwana biyu ko uku a shekara ba ya ɗauke wa mai littafin gayyata nauyin sauran kwanakin.

Ban so in sa kaina cikin wannan magana ba, amma zai zama rashin gaskiya in na ɓoye. A wata makaranta da na koyar an ba ni kula da ƙungiyar waƙe-waƙe ta 'yan mata. Akwai wata yarinya a cikinsu 'yar gidan makaɗa, wadda in ta taɓa ƙwarya ko ganga sai kowa ya miƙe. Kullum ita ke kiɗa, kullum tana zaune a baya. Masu jan waƙa, masu tsayawa gaba ranar da iyaye suka zo, masu shiga hoto, waɗansu ne dabam. Ba wanda ya hana ta, ni ma da an tambaye ni sai in rantse ƙungiyata ta kowa ce. Shekara guda cur ina kallon wannan ban gan shi ba, sai ranar da na ji wata ta ce mata, cikin wasa wai, ai ku naku roƙo ne. Ba na cewa wannan daidai yake da abin da ya sami Altab Ali, ko kusa. Launinsu ɗaya, ba wanda ya zare wuƙa. Amma mun san yadda muke yi da makaɗa da maroƙa: ba a biki sai da su, a yi musu liƙi har a yi gasa, in kuwa ɗansu ya zo neman aure a fara duban ƙasa. Da na karanta labarin samarin nan masu rawa da gaisuwar Nazi, ban iya cewa abin Turawa ne kaɗai ba.

Saboda haka ku ƙannena da ke riƙe da irin waɗannan ƙungiyoyi, ko ta waƙa ce ko ta wasan kwaikwayo, ku ɗauki takardar sunayenku ku duba. Wa ke zaɓen waƙar da za a yi? Da harshen wa ake rerawa kullum? Wa ke riƙe da makullin ɗakin kayan kiɗa, wa ke ɗaukar kayan a ka? Yarinyar da ta zo sau biyu ta daina zuwa, akwai wadda ta bi ta ta tambaye ta dalili? In an yi baƙar magana a tsakiyar gwaji, ana tsai da kiɗa, ko kuwa ana yin dariya a wuce don kada a ɓata daɗi?

Ku kuma iyaye da 'ya'yanku ke shirin tafiya karatu Ingila ko Amurka, ku san cewa dokokin ƙasashen sun hana wariya, kuma ƙungiyoyin ɗalibai za su karɓe su da fara'a a makon farko. In 'yarki ta bugo waya ta ce ta shiga ƙungiya, kowa yana da kirki, amma ita dai ba ta jin daɗi kuma ba ta san dalili ba, kada ki ce mata shagwaɓa ce. Ki tambaye ta ko an taɓa ba ta wani abu ta riƙe a ƙungiyar.

Pauline Black ta rubuta tarihin rayuwarta a 2011, ta sa masa suna Black by Design. Sai da ta haura shekara arba'in ta nemo mahaifiyarta a Ostireliya, mahaifinta kuwa ya riga ya rasu ba su gana ba. A 2022 gwamnatin Birtaniya ta ba ta lambar girma ta OBE. Ita kuwa yarinyata mai ganga, a wasan ƙarshen shekara na sa ta ta ja waƙa biyu, na ba wadda ta yi mata baƙar maganar ƙwarya ta kaɗa a baya. Kiɗan bai yi daɗi kamar na kullum ba, don hannun bai saba ba, har shugabar makaranta ta tambaye ni abin da ya sami makaɗiyarmu. Na nuna mata ita a gaba, riƙe da abin magana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.